Filin Tambaya da Amsa: Rana, Inuwa da Juyawar Lokutan Shekara

Da zarar watan Maris ya kama, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili sukan karkata wuri guda, wato zafi da abin da ke kawo shi. Mun zaɓi bakwai daga cikin waɗanda suka zo daga Kebbi da Zamfara, mun rage tsawon wasu saboda wuri. Alƙaluman da ke ciki na garuruwan nan ne, wanda ke Legas ko Agadas kada ya ɗauke su kai tsaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. An turo mana saƙo a WhatsApp cewa ranar 20 ga Maris rana za ta matso kusa da duniya, wai ikwinoks, kuma kada kowa ya fita daga sha biyu zuwa uku. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar kauce wa rana tsaka daidai ce, amma dalilin da saƙon ya kawo ba shi da tushe. Rana ba ta matsowa kusa da mu a Maris. Tazarar da ke tsakaninmu da ita takan ɗan canza cikin shekara, domin hanyar da duniya ke bi tana kewaya ta ba cikakkiyar da'ira ba ce. Mun fi kusa da ita a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, daidai lokacin da mutanen Gusau ke neman rigar sanyi da garwashi. Mun fi nisa da ita a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Da kusanci ne ke kawo zafi, da Janairu ne watan gumi. Kuma a Disamba da muke fama da hunturu, mutanen Afirka ta Kudu da Ostareliya suna tsakiyar zafinsu, alhali nisanmu da rana ɗaya ne da su.

Abin da ke juya lokutan shekara shi ne karkacewar duniya. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya a yini da dare, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Layin da take juyawa a kansa, wanda ya ratsa ta daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, ba a tsaye yake cak ba. A jirkice yake da digiri 23 da kusan rabi, kuma duk shekara gefe ɗaya yake kallo. Don haka a rabin tafiyar arewacin duniya ne ke sunkuyawa wajen rana, a ɗaya rabin kuma kudanci.

Mu da ke ƙasa, abin da muke gani shi ne wurin da rana ke tsayawa tsakar ka yana tafiya arewa, ya dawo kudu. Wajejen 21 ga Yuni takan kai iyakarta ta arewa, wani layi da ya ratsa kudancin Aljeriya da Libiya da Masar, ya bi tsakanin Makka da Madina. Wajejen 21 ko 22 ga Disamba takan kai iyakarta ta kudu, ta kan Namibiya da Botswana. A tsakanin nan dole ta tsallake layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu, sau biyu a shekara: 20 ga Maris tana hawa arewa, 22 ko 23 ga Satumba tana komawa kudu. Wannan tsallakawa ita ce ikwinoks ɗin da saƙon ke magana a kai. A ranar, haske yana raba kansa daidai tsakanin arewa da kudu, dare da yini su kusa yin kai ɗaya a ko'ina. Babu wani abu da fata ke ji ko ido ke gani a lokacin, kuma zafin ranar bai bambanta da na 19 ko 21 ga wata ba.

Zafin da kike ji kuwa na gaske ne, sai dai yanzu ya fara. Ƙololuwarsa a yankinmu sai Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da ma'auni kan wuce digiri 40. Illar irin wannan saƙo ke nan: ya sa mutane su kiyaye kwana ɗaya, su sake jiki a sauran makonnin da suka fi haɗari. A riƙa bai wa yara da tsofaffi ruwa tun kafin su nema, kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na minti biyar, a kuma buɗe tagogi da dare. Gargaɗin zafi na gaske daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet yake fitowa.

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji biyar da shida. Na zana musu a allo sun kasa kamawa. Akwai hanyar da za su gani da idonsu? Daga wani malamin firamare a Argungu.

Amsa: Akwai guda biyu, Malam, ɗaya cikin aji ɗaya a fili, kuma duk ba su buƙatar kuɗi.

Ta cikin aji, samo lemo da tsinken tsire. Soke lemon daga sama zuwa ƙasa, ka zagaye cikinsa da biro, layin ikwaita ke nan. Ɗiga alama ɗan sama da layin, ka ce nan ne Argungu. Rufe tagogi, kunna ƙwan fitila marar murfi a tsakiyar aji. Yaro ya riƙe lemon a daidai tsayin fitilar, ya karkata tsinken ya nuna wata kusurwar rufin aji, sannan ya zagaya fitilar. Inda gwajin ke lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne: yaron yakan riƙa juya tsinken yana bin fitila. In ya yi haka babu abin da zai canza. Dole tsinken ya ci gaba da nuna kusurwar nan tun daga farko har ƙarshe. A gefe ɗaya na fitilar za su ga haske ya mamaye saman lemon, a ɗaya gefen ya koma ƙasansa, a wurare biyu na tsakiya kuma ya rabu daidai.

Ta fili ta fi daɗi, don ita ce ke ba da lamba. Kafa miƙaƙƙiyar sanda a wuri shimfiɗaɗɗe, tsawonta daga ƙasa zuwa kai mita ɗaya cif. Tabbatar a tsaye take ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta, kamar yadda magina ke gwada bango, domin in ta karkace da digiri ɗaya kacal, awon zai kuskure da kusan santimita biyu. Daga ƙarfe sha biyu da kwata zuwa ɗaya da rabi, yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwar kowane minti biyar. Inuwa mafi gajarta ita ce ta zawali, ita za a auna.

Kada a auna da sha biyu daidai. Agogon Najeriya an ɗora shi ne kan wani layi da ke can gabas da Maiduguri, mu kuwa muna yammacin ƙasar, don haka rana tana makara wajen zuwa tsaka a wurinmu. A Argungu ranar 20 ga Maris, zawali sai wajen ɗaya saura minti goma. A Gusau kuma wajen sha biyu da minti arba'in.

Ga abin da ya kamata ku samu a Argungu. Ranar 20 ga Maris, inuwar za ta kwanta arewa, kimanin santimita 23. Daga nan tana raguwa kullum har wajen 24 ga Afrilu, ranar da za ta shige ƙarƙashin sandar ta ɓace, domin rana ta tsaya a kanku sak. Bayan haka sai ta ɓullo ta kudu, ta kai santimita 19 a ƙarshen Yuni, ta sake ɓacewa wajen 19 ga Agusta, ta koma arewa tana tsawo har ta kai santimita 73 a Disamba. In ana rubuta awon kowace Litinin a takarda ɗaya a manne a bango, kafin shekara ta zagayo yaran da kansu za su ba ka labarin tafiyar rana.

Idan kana da abokin aiki a Yawuri, ku auna rana ɗaya, 20 ga Maris. Shi zai samu kusan santimita 19. Ku zana kowane awo a takarda, ku gwada kusurwar da ma'aunin cikin akwatin lissafi, bambancin zai fito kusan digiri biyu, ko 1.9 in an yi da kyau. Tazarar garuruwan biyu daga arewa zuwa kudu a miƙe, ba ta hanyar mota ba, kimanin kilomita 210 ce. A raba 360 da 1.9, a ninka da 210, za a samu kusan kilomita 40,000, wato kewayen duniya. Da irin wannan dabarar ce wani masani mai suna Iratostinis ya auna duniya a Masar sama da shekara 2,000 da suka wuce.

Tambaya: An ce ranar 20 ga Maris dare awa 12 yini awa 12. Na duba jadawalin salla na ga ba haka ba. Wa ya yi kuskure? Daga mai karatu a Ƙaura Namoda.

Amsa: Jadawalinka ne ke da gaskiya. A Ƙaura ranar, rana kan fito wajen 6:38 ta faɗi wajen 6:45, yini ya fi dare da 'yan mintuna. Dalili biyu ne. Ana ƙirga fitowar rana daga lokacin da gefenta na sama ya leƙo, faɗuwarta kuma sai gefen ƙarshe ya nutse, ba a jiran tsakiyarta. Sannan iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske, ta ɗaga hoton rana da kusan rabin digiri, har ka gan ta alhali tana ƙasa da gaɓar sama. Waɗannan biyun ne ke sa yininmu ya zama awa 12 da minti 7 a ranar. Ranakun da dare da yini ke yin kai ɗaya sosai a yankinmu su ne wajen 10 ga Maris da 3 ga Oktoba.

Mu dai canjin bai yi mana yawa ba. Yini mafi tsawo, a Yuni, awa 12 ne da minti 51. Mafi gajarta, a Disamba, awa 11 da minti 23. Duka bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Landan kuwa yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai cika awa 8 ba, shi ya sa azuminsu ke wahala in ya faɗo tsakiyar shekara.

Tambaya: Ni manomi ne. Ɗan'uwana da ke Zuru yakan riga mu shuka da makonni, alhali jiha ɗaya muke. Kuma in rana na tsayawa a kanmu a Afrilu da Agusta, me ya sa ɗaya wuta ɗaya malka? Daga Augie.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu, Malam, kuma littattafan makaranta ba su cika amsa ta ba, don yawancinsu lokuta huɗu na Turai suke bayani. A can, karkacewar duniya zafi da sanyi take juyawa kai tsaye. A nan, babban aikinta jan iska ne, iskar kuma ita ke kawo ruwa ko ta hana.

Iska biyu ke musayar sararin Afirka ta Yamma. Ɗaya busasshiya ce, tana zuwa daga arewa maso gabas bayan ta ratso Sahara. Ɗayar mai laima ce, tana zuwa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika. Inda ƙasa ta fi ɗaukar zafi, iskar wurin takan tashi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin. Saboda haka iyakar da ke tsakanin iskokin biyu tana bin rana arewa da kudu. A Janairu iyakar tana can kusa da gaɓar teku, mu muna ƙarƙashin iskar Sahara ɗungurungum. Hunturu ke nan, da hazo da tsagewar leɓe, kuma kaso mai yawa na ƙurar daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele. Idan rana ta tsallako ikwaita a Maris, iyakar sai ta fara hawowa. Yawuri da Zuru take fara wucewa, sannan Birnin Kebbi, Argungu da Augie. A Agusta takan kai can arewa da Agadas, daga nan ta juyo. Tunda ta kudu ta shigo kuma ta kudu za ta fita, Zuru ce ke fara samun ruwa, ita ce kuma ke ƙarshen rabuwa da shi. Abin da ya sa ɗan'uwanka ke riga ka ke nan, daminarsa kuma ta fi taka tsawo.

Iyakar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da rana, a baya take biyowa da makonni. Tukunya ba ta tafasa a lokacin da aka hura wuta, haka ƙasa da teku suke ɗaukar lokaci kafin su amsa. Ban da haka, ruwa ba a kan iyakar yake zuba ba. Sai iska mai laima ta yi kauri sosai, wanda ke faruwa ɗaruruwan kilomita a kudancin iyakar. Shi ya sa a ƙarshen Afrilu da Mayu za ka ji iska ta juya, gumi ya ƙi bushewa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai guguwa ta watsa shi ba ko ɗigo. Iyakar ta wuce ka, amma laimar ba ta yi kauri ba tukuna.

Bambancin Afrilu da Agusta kuwa ba daga rana yake ba, tsayinta ɗaya ne a watannin biyu. A Afrilu sama tarwai take, ƙasa a bushe, babu ciyawa, duk ƙarfin rana ya ƙare a gasa ƙasa da iska. A Agusta gajimare ya mayar da kaso mai yawa na hasken sama, abin da ya samu saukowa kuma ya tafi wajen busar da ruwan da ke ƙasa da ganye. Da gajimare ya janye a Oktoba, rana ba ta yi nisa ba tukuna, sai zafi ya ɗan dawo kafin sanyi, wanda manoma ke kira agazari. Sanyin Disamba kuma abu uku ne suka haɗu: rana ta kwanta kudu haskenta na zuwa a karkace, ƙura ta tare wani sashe, busasshiyar iska kuma ba ta riƙe zafi da dare.

A nan ne ake asarar iri. Ruwan farko sau da yawa na gefen iyakar ne, ya zubo sau ɗaya ya ɗauke kwana goma ko fiye. Ma'aunin da masana noma ke amfani da shi a yankin Sahel shi ne a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa a watan da ya biyo baya. Rabin farko kana iya auna shi da kanka. Ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a fili nesa da bishiya da indararo. Da safe ka tsoma rula, santimita biyu shi ne milimita 20. Kwano ko bokiti ba za su yi ba, don bakinsu ya fi gindi faɗi, za su nuna maka fiye da abin da ya sauka. Rabi na biyu kuwa babu mai ganin gobe, don haka a saurari hasashen damina na NiMet, a haƙa a ga zurfin laima, kuma kada a zuba iri duka a shukar farko. Mai binne ya fi kowa shiga haɗari, domin yayyafi kaɗan ya isa ya tsirar da iri, bai isa ya raya shi ba.

Wani abu kuma da ya shafi ku biyun. Dawar gargajiya irin su farafara da kaura, da maiwa, da waken gida, tsawon yini suke bi. Ba su fitar da kai sai yini ya fara raguwa zuwa wani mizani, ko an shuka da wuri ko an makara. Kowane iri ya saba da yankinsa, yana fitar da kai daidai lokacin da ruwan wurin ke shirin ɗaukewa. In ka karɓo dawar Zuru ka shuka a Augie, za ta yi kara mai kyau, amma za ta jira lokacin Zuru, kafin nan ruwanka ya tafi. In shi ya ɗauki taka, za ta fitar da kai ruwa na tsaka da zuba, ƙwayar ta yi baƙi. Gero bai damu da wannan sosai ba, kwanakinsa yake ƙirgawa.

Tambaya: Allah ya ƙara ilimi. Muna shirin gina masallacin unguwa. Wasu sun ce a bi mafitar rana kawai, ita ce alƙibla. Haka ne? Kuma me ya sa lokacin azahar ke yawo? Daga wani ladan a Jega.

Amsa: Allah ya gafarta Malam, mafitar rana ba wuri ɗaya ba ce. Sau biyu kawai a shekara rana ke fitowa daga gabas sak, a Maris da Satumba, ranakun da muke magana a kansu. A Yuni takan fito digiri 24 arewa da gabas, a Disamba digiri 24 kudu da gabas. Alƙibla daga Jega da kewayenta tana kimanin digiri 20 arewa da gabas. Wanda ya aza tubali yana bin mafitar rana a Disamba, lokacin da aka fi yin gini, ya kauce da digiri 44. Hukuncin sallar da aka yi a haka na malaman fiƙihu ne, amma sabon gini babu dalilin da zai sa a bar shi ya karkace.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jira ranar da rana ke tsayawa a kan Ka'aba. Hakan na faruwa 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. A rataya dutse da igiya, a bar shi ya natsu, a ja layi a kan inuwar igiyar. In hadari ya rufe, kwana ɗaya ko biyu kafin ko bayan haka bambancin kaɗan ne. In ba za a iya jira ba, ranar 20 ga Maris ko 23 ga Satumba a kafa sanda, a sa alama a ƙarshen inuwarta da hantsi, a sake sawa da la'asar. A waɗannan ranakun layin da ya haɗa alamun biyu gabas da yamma ne sak. Daga nan magini ya auna mita 10 gabas, ya juya hagu ya auna mita 3.6 arewa, ya ja igiya daga inda ya fara zuwa nan. Kamfas ɗin waya yana taimakawa, amma rodi da kwano da mota suna rikita shi, kada a dogara da shi kusa da kayan gini.

Yawon azahar kuwa daga zawali yake. Saboda karkacewar duniya, da kuma yadda gudunta ke ƙaruwa idan ta kusanci rana ya ragu idan ta yi nisa, zawali yana gaba yana baya da kusan rabin awa cikin shekara. A Jega yakan kasance wajen 12:26 a farkon Nuwamba, ya kai wajen 12:56 a tsakiyar Fabrairu. Ga mai auna la'asar da inuwa kuma, a mazhabar Malikiyya ana ƙara tsawon abu a kan inuwar da ya rage da ita a zawali. Sanda mai mita ɗaya, a ƙarshen Afrilu la'asar na shiga idan inuwarta ta kai mita ɗaya, a Disamba kuwa sai ta kai mita ɗaya da santimita 72.

Kalandar Musulunci ba ta bin wannan zagaye, wata take bi. Shekararta kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumin da aka fara 18 ga Yuni a 2015 ya dawo 1 ga Maris a 2025, kuma yakan zagaye lokutan shekara duka cikin kimanin shekara 33. Don haka ne malaman zaure da manoma suka riƙe lissafin taurari 28 domin noma, kowanne kwana 13, ɗaya kwana 14, jimla 365. Wannan lissafi shekarar rana yake bi.

Tambaya: A makaranta an koya mana cewa 21 ga Maris ce ranar da rana ke tsallake ikwaita. Yanzu ina jin 20. Wanne ne? Daga wata ɗaliba a Birnin Kebbi.

Amsa: A zamaninmu 20 ne. Shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da kusan minti 49, kalanda kuma ba ta da gurbin guntun yini. Saboda haka lokacin tsallakawar yana matsawa gaba da kusan awa shida kowace shekara. A agogon Najeriya, 2024 ya faɗo 4:06 na asuba, 2025 ƙarfe 10:01 na safe, 2026 ƙarfe 3:46 na yamma, 2027 ƙarfe 9:25 na dare, duk ranar 20 ga wata. Sai 29 ga Fabrairun 2028 ya ja shi baya. Karo na ƙarshe da ya faɗo 21 ga Maris a agogonmu shi ne 2011. Tsohuwar kalandar Rumawa ta ɗauki guntun a matsayin awa shida cif, 'yan mintunan da suka yi rara suka taru har ranar ta zame zuwa wajen 11 ga Maris. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya sa aka cire kwana goma, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Aka kuma sa doka cewa shekarun cikar ƙarni ba su samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba su, shi ya sa 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Tambaya: Ina haɗa sola da dish. Ina ya kamata faranti ya kalla? Kuma me ke sa hoto ya ɗauke na ɗan lokaci a tsakiyar Maris ko da babu hadari? Daga Talata Mafara.

Amsa: Farantin sola ya kalli kudu, a ɗaga bayansa da digiri 10 zuwa 15. Gaskiya ne daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da mu, amma da wannan ɗan karkacewar asarar ba ta taka kara ta karya ba, sauran wata takwas kuma tana kudu. Kada ka kwaikwayi hotunan Turai inda ake tayar da shi digiri 35 ko 40, nasu lissafin ne. Kada kuma ka shimfiɗa shi kwance, ƙura za ta zauna, ruwan sama ya kwanta a kai ya bar laka a gefe.

Wanda ya kafa a bazara ya fi faɗa wa tarkon inuwa, domin a lokacin komai inuwarsa a ƙarƙashinsa take. Tankin ruwa ko katangar da ke kudu da farantin, in ta fi shi tsayi da mita ɗaya, a Disamba za ta jefo inuwar kusan santimita 73 da tsakar rana, da hantsi da la'asar kuma fiye da haka. Inuwa a kan ɗan sashe tana iya karya ƙarfin layin faranti gaba ɗaya. Bar tazarar da ta ninka tsayin abin sau biyu. Bar sarari kuma tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa, saboda zafi na rage abin da yake bayarwa da kusan kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10. A hunturu a wanke shi da ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Batun dish, tauraron ɗan'adam na talabijin a saman layin ikwaita yake zaune. Wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana takan bi ta bayansa daidai saitin dish ɗin, hayaniyar da take fitarwa ta danne siginar. Hoto ya daddatse ko ya ɗauke na 'yan mintuna, a lokaci kusan ɗaya kowace rana, na 'yan kwanaki, sannan ya wuce da kansa. In kwastoma ya kira ka, tambaye shi ƙarfe nawa abin ya faru jiya da yau. In lokacin ɗaya ne kuma hoton ya dawo da kansa, kada ka hau rufi ka taɓa saitin.